Masarar Inna Saude

Tun daga bakin gona Zubair ya ga ɓarnar. Ganyen masarar duk ya nannaɗe, gefensa ya ƙone kamar an bi shi da wuta. 'Yar gonar nan ta Tudun Kaya ita ce kaɗai abin da kakarsa, Inna Saude, ta mallaka, kuma shi ya roƙa ta bar masa ita da ya gama karatun aikin gona. Bara ya sa aka shuka gyaɗa don ƙasa ta farfaɗo, bana aka koma masara, ta yi kyau har masu wucewa na tsayawa kallo. Rannan ya ga hadari ya haɗo, ya yi maza ya zuba takin yuriya a gindinta, sai iska ta watsa hadarin. Tun daga nan ko ɗigo.

A gida, cikin Ƙaraye, ya iske Inna a tabarma tana tsince wake, ya gaishe ta.

"Lafiya lau, ya rana? To maigida, yau ma hannu rabbana? Miji ba cefane, sai takalmi mai tsini."

"Ke da haƙora biyu me za ki yi da cefane?"

"Da biyun nan na tauna wa ubanka nama."

Ta ɗago ta dube shi, ta ga fuskarsa ba walwala.

"Wa ya mutu?"

"Inna, masararki ce. Takin da na sa ya ƙona ta."

"Ikon Allah! Likitan gona ya ba mara lafiya ƙwaya, ya hana shi ruwan kora! Wasu su ga hadari su yi wanka da kashi, kai ka yi da yuriya."

"Wa ya ce mini, 'Yi sauri, gwiwata ta ce yau akwai ruwa'?"

"Kul! Gwiwar nan ta girmi makarantarku. Kuskurenta ɗaya a duniya: ranar da ta durƙusa ta haifi ubanka, shi kuma ya jajibo mini kai."

Dariya ta so ƙwace masa, damuwa ta danne ta. Ya zauna a gefen tabarmar.

"Inna, in ba a yi ruwa kwanan nan ba, me za ki ci bana?"

"Kai zan ci. Ko da yake ƙashi ne zalla, sai dai romo."

"Da gaske nake."

"Ni ma da gaske nake." Ta ture tiren waken gefe. "Marigayi kakanka ya yi ta ɗora wa gonar nan dawa, shekara da shekaru, har ta yi fari fat, ba abin da take haifa sai ciyawar wuta-wuta. Bara na je na damƙi ƙasarta, na ga ta yi duhu, na ji taushi a hannuna. Bakin da Allah ya tsaga ba ya hana shi abinci, ɗan nan. Ko masara ta tafi, ƙasa tana nan. Baɗi me za a sa mata?"

Ya ce, "Waken suya, in kin yarda."

"Ku ji mini ɓarawo! Bai gama binne ta bana ba, har ya fara zawarcin ta baɗi!"

Wannan karon dariyar ta fito, har da hawaye. "Na sallama, tsohuwa. Kin ci."

"Dama yaushe ka taɓa ci?" Ta kwance bakin zanenta ta miƙa masa ƙuli-ƙuli biyu. "Ungo ladan ɓarna."

Yana cikin tauna aka yi tsawa can gabas. Ya zaro waya ya kira Ƙasimu, maƙwabcinsu na gona. Ƙasimu ya ce hadari ya haɗo sosai amma bai sauka ba, in ya sauka zai kira.

Zubair ya ajiye wayar a tabarma tsakaninsu. Inna ta jawo tirenta, shi ma ya sa hannu yana taya ta tsince waken. Har aka kira sallar la'asar Ƙasimu bai kira ba.