Rasuwar Gwaggo, Wayar Gwajin Adireshi

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma takaicin da har yau ya hana ni jin ɗanɗanon abinci, ni Fauziyya Nasiru ta garin Karaye nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki, da ɗaukacin 'yan Ƙungiyar Manoman Gyaɗa ta Taimakon Juna da ke Karaye da Rogo, rasuwar wayata, wadda aka fi sani da Gwaggo. Ta rasu ranar Talata da la'asar, a tafin hannuna, bayan doguwar jinya da kuma duka guda ɗaya da ba ta cancanta ba. Shekarunta tara a duniya, huɗu daga ciki a bakin aikin gwaji ta yi su. Wanda zai yi dariya ya yi, ni dai na san abin da na rasa.

Ga waɗanda ba su san marigayiyar ba, bari in yi bayani. Ni ce mai kula da shafin intanet na ƙungiya, inda ake sanya ranakun rabon iri da taki, da ranar da kowace mazaɓa za ta zo ta karɓa. Kowane shafi kashi uku ne: akwai na Hausar boko, akwai na ajami saboda dattawa, akwai na Turanci saboda baƙin da ke zuwa daga birni. Akwai wata manhaja a kwamfutata, ni injin nake ce mata. Sai in zuba masa rubutu, shi kuma ya fito da shafuka a shirye, kowanne da adireshinsa. Shafi saba'in da ɗaya ne, sau uku, adireshi ɗari biyu da sha uku ke nan. Injin nan kuwa ba shi da amana ko kaɗan. Ka taɓa masa abu ɗaya a gabas, sai ya karkatar da adireshi ashirin a yamma, kuma ba zai ce maka uffan ba.

A nan aikin Gwaggo yake. Duk lokacin da na taɓa injin, kafin in saki shafin ga jama'a, sai in buga jerin adireshin nan a takarda, in hau babur zuwa ƙauyen Turawa, in zauna a kan bencin ƙofar gidan ƙanwar mahaifiyata, Inna Rahmatu, ƙarƙashin tsamiya. Dalili kuwa, sabis a wurin sanda ɗaya ne, ita ma sai ta ga dama. Abin da ya buɗe a gindin tsamiyar nan zai buɗe a ko'ina cikin Karaye da Rogo. Sai in riƙa danna adireshin ɗaya bayan ɗaya a jikin Gwaggo, ina yi wa kowanne alama da biro.

Marigayiya ta kasance mai gaskiya, gaskiya irin wadda ke sa a ƙi mutum. Shi ya sa na raɗa mata suna Gwaggo, don ba ta san lallashi ba. Wayoyin zamanin nan, Allah ya shirye su, munafukai ne. In sun taɓa buɗe shafi sau ɗaya, sai su ɓoye kwafinsa a cikinsu. Gobe in adireshin ya lalace, sai su ɗauko tsohon su nuna maka, fuska a sake, kamar ba abin da ya faru. Ita kuwa Gwaggo cikinta ya cika tun tuni, ba ta da inda za ta ajiye ko hoton ƙuda. Kowane adireshi aka ba ta, sai ta taka da ƙafarta ta je har can. In ta tarar da shafi, ta yi wani ɗan kuka, “tilin,” ta buɗe shi a hankali daga sama zuwa ƙasa. In ta tarar da kango, sai ta ce “ƙit,” ta nuna maka farin allo. A shekara huɗu ban taɓa kama ta da ƙarya ba.

Ba zan ɓoye aibinta ba, tunda sanarwa ce ba kirari ba. Tana da nawa. Kafin ta buɗe shafi ɗaya, Inna Rahmatu ta gama tankaɗe gari. Tana da zafin jiki, wani lokaci sai na ɗora ta a kan randa ta huce. In kira ya shigo kuma, rawar da take yi a kan benci, “ƙurrr, ƙurrr,” har kaji sai sun watse.

Ciwon ajalinta ya faro ne tun bara. Batir ya kumbura ya ɗaga murfin baya, na ɗaure da roba biyu. Daga nan ta daina karɓar caji sai an lanƙwasa wuyan cajar an tokare da sabulu. Na kai ta wurin Ɗanmaliki, mai gyaran waya a kasuwar Karaye. Ya juya ta, ya sake juyawa, ya ce, “Anti Fauziyya, tsakani da Allah, wannan ba gyara take nema ba, hutu take nema. Ki bar baiwar Allah ta kwanta.” Na ce masa ya yi aikinsa kawai. Ya canza abin da zai canza, ta farfaɗo, muka ci gaba da lallaɓawa.

Yanzu ga inda bakina yake yin nauyi. Makon jiya na sabunta injin, na zuba masa ranakun rabon irin gyaɗa na bana. Ranar Lahadi yayana, Yaya Ja'afar, ya ɗauke ni a babur ɗinsa zuwa Turawa. Muka fara lafiya lau. Adireshi ɗari da arba'in da bakwai, duk “tilin.” Na ɗari da arba'in da takwas shi ne shafin ranakun rabo na ajami. Na danna, Gwaggo ta ce “ƙit.” Na sake dannawa, “ƙit.” Na miƙe tsaye na ɗaga ta sama wajen reshen tsamiya, na sake, “ƙit.” Ga hadari ya haɗo daga gabas baƙi ƙirin, ga Yaya Ja'afar yana ta kaɗa makullin babur a kunnena.

“Ke dai kin cika naci,” in ji shi. “Wayar da ake tokarewa da sabulu ita za ki tsaya yi wa biyayya? Ungo tawa, ki gama mu tafi kafin ruwan nan ya tare mu.”

Na karɓa, na danna, kafin in ƙifta ido shafi ya buɗe, ajami reras. Ban karanta ba. Ni ajamin nan sai na bi shi da yatsa nake iya haɗa shi, kuma ba ni nake rubuta shi ba, wani malami ne yake juya mini daga boko. Na ga baƙaƙe sun fito, na ce shi ke nan. Ashe Yaya Ja'afar ya taɓa buɗe shafin bara a wayarsa don ya nuna wa surukinsa, ita kuma ta adana. Na bara ta nuna mini. Adireshin bana a karye yake, kuma abin da Gwaggo take ta faɗa mini ke nan har sau uku.

Ni kuwa me na yi mata? Na ce, “Tsohuwar banza, kin ɓata mini lokaci,” na buga ta da benci. Wallahi sau ɗaya ne, amma na ji wani abu ya yi ƙara a cikinta. Na ɗauki biro, a gaban lamba ɗari da arba'in da takwas na rubuta: laifin waya ne. Sauran adireshin na ƙarasa su a wayar Yaya Ja'afar cikin minti goma, muka hau babur, na saki shafin da yamma ina jin kaina gwana.

Ranar Litinin aka yi ruwa mai kyau, irin wanda manomi yake jira ya shuka gero washegari. Bana ranar rabon mutanen mazaɓar Rogo Sabon Gari Alhamis ce. Bara kuwa Talata ce. Dattawan can da suka buɗe shafin ajami, wayoyinsu irin ta Yaya Ja'afar suka miƙo musu na bara. Mutum talatin da huɗu suka ajiye shuka, suka hau babura da buhunansu, suka zo Karaye ranar Talata. Suka tarar da sito a kulle, mai makulli ya tafi Kano.

Tun safe suke jira, sai da la'asar shugaban ƙungiya, Alhaji Daudu, ya samu labari ya kira ni. Lambar da ke jikin Gwaggo ya kira. Tun Lahadi ba ta ƙara yin wani kuka ba, allonta ya yi wani zane kore daga sama har ƙasa. Sai ga ta ta yi “ƙurrr,” sunan Alhaji ya fito. Ta sake yin “ƙurrr,” a raunane. Kafin yatsana ya kai, allo ya yi baƙi. Na lanƙwasa caja, na tokare da sabulu, na cire batir na mayar, na hura mata iska. Shiru. Haka ta cika, da saƙon masifa a bakinta.

Da ƙafa na tafi bakin siton. Na durƙusa na gaida Alhaji Daudu, ya amsa gaisuwar nan duka, har da tambayar mutanen gida, wanda ya fi mini zafi a kan ya zage ni. Sannan ya ce, “'Yata, mutanen nan gona jiƙaƙƙiya suka baro suka zo. Ki faɗa mini abin da zan ce musu.” Wani tsoho mai farin gemu ya miƙo mini wayarsa, ya ce, “Duba mini nan, 'yar nan. Ba Talata aka rubuta ba? Ko karatun nawa ne ya tsufa?” Na sa yatsa na bi layin farko a gaban mutum talatin da huɗu, a hankali, kamar 'yar ajin farko. Shekarar bara ce a rubuce a sama ƙuru-ƙuru. Na ce, “Baba, karatunka lafiya lau yake.” Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da na shige.

Alhaji ya yanke cewa ranar Asabar za a yi taro. Ko dai in tabbatar wa ƙungiya cewa kowane adireshi yana kai mutum inda ya dace, ko kuma a rufe shafin a koma wa mai shela da lasifika a kan babur, kamar da. Aikin shekara huɗu ke nan zai tafi a kan “ƙit” guda uku da na ƙi saurara. Kuma ban ga laifinsa ba, shi ne abin haushin.

Marigayiya ta rasu ta bar caja ɗaya mai karyayyen wuya, da roba biyu, da guntun sabulu, da layin waya wanda yanzu yake zaune a cikin kwalbar man shafawa. Ta bar kwamfuta, abokiyar aikinta, wadda duk abin da aka tambaye ta sai ta ce lafiya lau. Ta bar injin, wanda shi ya haddasa komai kuma ko a jikinsa. Ta bar marayu ɗari biyu da sha uku, waɗanda ba mai duba su tsakani da Allah. Wayar Yaya Ja'afar ba ta cikin dangi, kuma ana roƙon kada a kawo ta wurin zaman makoki. Shi kansa yana iya zuwa, amma ya bar makullin babur ɗinsa a aljihu. Ɗanmaliki ya aiko yana neman a ba shi lasifikarta da 'yan kusoshinta, wai kada su tafi a banza. An gode, ba za a bayar ba.

Adireshi na ɗari da arba'in da takwas na gyara shi tun ranar Laraba. Minti biyu ya ɗauke ni, minti biyu kacal! Yanzu yana buɗewa a kwamfuta, yana buɗewa a wayar maƙwabta. Amma duk wadda ta buɗe, sai in tsaya ina kallon ta ina tunanin ko ita ma daɗin baki take yi mini. Wadda zan yarda da maganarta ita ce na buga da benci.

Za a yi zaman karɓar gaisuwa ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, a Turawa, gindin tsamiyar ƙofar gidan Inna Rahmatu. Maza a waje, mata a cikin gida kusa da rumbu, nan ma sabis yana ɗan leƙowa. Don Allah kada a kawo goro, kada a kawo dabino. Duk mai zuwa ya zo da tsohuwar waya, mafi tsufa da ke gidansa, wadda aka jefa a ƙasan akwati, wadda jikoki suka raina. In mai tsagaggen allo ce, madalla. In sai an tokare ta take caji, a zo da ita, akwai sabulu. Kowa za a ba shi lamba ya danna, wadda ta buɗe kuma sai an karanta abin da ke ciki da ƙarfi kowa ya ji kafin in sa biro. Mutanen Rogo Sabon Gari, na san ba ni da fuskar gayyatar ku, amma ku nake fi so ku zo, musamman Baba mai farin gemu. Lamba ɗari da arba'in da takwas ni zan danna da hannuna, ni zan karanta ta da yatsa tun daga shekarar har ƙasa, shi kuma ya gyara mini inda na yi tuntuɓe.

Bayan an kammala, kafin magariba, za a sa marigayiya a cikin tsohuwar kwallar Inna Rahmatu, a rufe. Ba a yanka mata sabon ƙyalle ba. Za a naɗe ta ne da takardar gwajin ranar Lahadi, wadda ta yi wa aiki na ƙarshe. Wanda ya duba gaban lamba ɗari da arba'in da takwas zai ga na soke abin da na rubuta da farko. A ƙasansa na sa: laifina ne, Gwaggo, ke kin faɗa.

Sanarwa daga Fauziyya Nasiru, Karaye, a madadin caja da sauran iyalai.