Dattijo, Giyabos ɗin Janwena, Ya Riga Mu Gidan Gaskiya

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda kuma har yanzu tafasa take yi, nake sanar da 'yan uwa, direbobi, makanikai masu tsoron Allah da sauran makanikai, rasuwar Dattijo, giyabos ɗin janwena, wato akwatin giyar motar da nake jan matattun motoci da ita. Ya rasu ranar Talata da rana tsaka, a tsakiyar hawan tudun bayan gari, yana jan wata motar yashi da ta mace. Jinyarsa gajeriya ce, kuma mutum ne ya ɗora masa ita.

Marigayin ya yi rayuwa ta haƙuri. Shekara da shekaru yana ƙarƙashin ƙafata, ban taɓa jin ya ɗaga murya ba. Idan zai sauya giya sai ya ce “tik”, a hankali, kamar mai gyaran murya a gaban manya. Ya ja bas, ya ja tarakta, ya fito da motar amarya daga kwata ba tare da ya tona asirin direban ba. Shi ya ciyar da gidana. Shi ya kwashi kayan ƙanwata ya kai su gidan mijinta, bakaniken nan mai kiran kansa Injiniya. Kuma shi ya riƙa jan tsohuwar bas ɗin Injiniya kyauta duk lokacin da ta shaƙe a hanya. Ina roƙon mai karatu ya riƙe wannan a ransa.

Duk mai aikin ja ya san zafi ne ajalin giyabos. Kaya na ƙara nauyi, man giya na ƙara tafasa, kuma ɗan abin sanyaya man da mota ta zo da shi daga kamfani ba don jan motar yashi aka yi shi ba. Da na ga aikina ya ƙaru, sai na je sayen ƙarin abin sanyaya mai, wanda 'yan gareji ke kira kula. Mai kayan gyara ya ajiye mini guda biyu: ƙarama mai lanƙwasasshen bututu, da babba mai faranti bisa faranti, faɗinta ya kai na tire. Ya ce in zaɓa da lissafin kaya mafi nauyi a rana mafi zafi. Na ɗauki babbar, na rungume ta har garejin Injiniya, don gida bai kamata a tsallake shi ba.

Ya juya ta, ya shafa ta, ya ce, “Kai, Yaya, ka iya zaɓe! Je ka huta, ka bar mini komai.”

Na je na huta. Ya ɗaura abin da ya ɗaura a bayan ragar gaba, inda injin jan igiya ya rufe, ido ba ya kaiwa.

Ba a jima ba Dattijo ya fara ciwo. “Tik” ɗinsa ta koma “gum”. Man da na sani ja wur ya koma ruwan ƙasa, yana warin tukunyar da aka manta a wuta. Na kai ƙara wurin Injiniya, ya ce, “Sabuwa ce, Yaya, zama take yi.” Ranar Talata, a tsakiyar tudu, Dattijo ya yi “ƙiiii”, ya yi “gurr”, injin na ihu amma taya ba ta motsi. Daga nan bai sake cewa komai ba.

Da na kwance ragar da hannuna, sai ga wata 'yar kula da ba ta fi tafin hannu ba, ta ci tsatsa, an ciro ta daga gawar wata ƙaramar mota an ɗaure da waya. Tawa babbar kuwa na same ta a gaban bas ɗin Injiniya, tana shan iska tana ƙyalli. Da na nuna masa, ko kunya babu, ya ce, “Aro na yi, Yaya. Na ga ba kullum kake hawan tudu ba.”

Marigayin ya bar inji cikin zaman makoki, da injin jan igiya wanda yanzu ba shi da wanda zai ja. Ya bar ni, da matata, da yara masu ci kamar gara. Ya bar masu tashar da ke ba ni aikin ja, waɗanda suka ce idan ban dawo hanya ba kafin ƙarshen mako za su ba wani. Ya kuma bar Mama, wadda ta kira ni ɗaki ta ce, “Ka yi haƙuri don ƙanwarka.” Na yi mata alkawari ba zan ɗaga hannu ba, ba zan ɗaga murya ba. Zan cika. Amma ban yafe ba, kuma ina so a rubuta haka.

Ga tsarin jana'iza. Gobe da safe za a ɗauko gawa a baro, ba tare da an tsiyaye man ba, a ajiye ta a bakin ƙofar garejin Injiniya, daidai inda kwastomomi ke karya kan mota su shiga. Za a rataye 'yar kular a kanta don masu son ganin abin da ya kashe shi. Zan karɓi gaisuwa a kan bencin Injiniya, daga buɗe gareji zuwa rufewa. Duk wanda ya tambayi sanadin rasuwa zan faɗa masa dalla-dalla, cikin ladabi, da murya ƙasa-ƙasa kamar yadda Mama ta so.

Ba za a binne marigayin ba sai an sami magajinsa. Allah da ikonsa, giyabos ɗin bas ɗin Injiniya irin na janwena ne sak, ga shi ya sha sanyi da kulata, lafiyarsa ƙalau. Injiniya zai kwance shi da hannunsa, ya ɗaura mini tare da babbar kular, ni kuma ina tsaye a kansa, ba zan je in huta ba.

Masu tunanin zai gudu da bas ɗin kafin gari ya waye su kwantar da hankali. Ƙanwata ta zo mini gaisuwa ɗazu, ta yi kuka, ta ajiye makullin bas ɗin a hannuna.