Nomau da Motar Haya Mai Ɗaki

Wallahi ko na dafa Alƙur'ani ba za ku yarda da wannan ba, amma ku tambayi kowa a Bakori, ni ba a taɓa ƙure ni a labari ba.

Akwai wani mutum, Nomau, da gemunsa da komai, yana zaune a gidan yayarsa Tabawa da mijinta Malam Haladu. Ba ya musu, ba ya ƙiwa. Matsalarsa ɗaya ce: abin da ka faɗa shi zai yi, ba ragi ba ƙari. Da Malam Haladu ya yi ritaya, sai ya ɗauko hayar wata mota mai ɗaki a ciki, da gado da murhun gas da tankin ruwa, ya ce za su zaga dazuzzukan Kuros Riba. Nomau ya ji an ce a kan Dutsen Obudu mutum na taɓa girgije da hannunsa, sai ya hana kowa sakat.

"To, mu je," in ji Malam Haladu. "Amma ka dame ni da shirme, na sa ka a motar haya ka koma gida. Ba kai ba girgije."

Wata rana suka tsaya a bakin wani rafi kusa da Ikom. Malam Haladu ya miƙa masa bokiti ya ce, "Ka yi ta zuba ruwa a tanki, kada ka tsaya sai na ce ya isa." Ya kishingiɗa gindin bishiya, barci ya kwashe shi. Nomau ya yi ta zubawa. Tanki ya cika, ruwa ya bi ƙarƙashin gado, takalman Tabawa suka fito ta ƙofa suna iyo.

"Kai! Ba ka ga ya cika ba?"

"Na gani, Malam. Ba ka ce ya isa ba."

Wata rana kuma, a dajin Afi, Tabawa za ta raka mijinta kallon manyan itatuwa. Ta ce, "Nomau, mu baƙi ne a nan. Duk wanda ya zo, ka ba shi wurin zama, ka ba shi abin taɓawa." Da suka dawo, suka tarar da birai jere a kan gado, babbansu na yagar kilishi, Nomau na durƙushe yana miƙa ayaba.

"Yaya, shayi ne kawai suka ƙi."

Malam Haladu ya ce, "Saura ƙiris, Nomau. Ƙiris."

Wata rana suka iso gindin Obudu, suka ajiye mota a wani fili mai yashi, gefen ƙorama. Miji da mata za su shiga ƙauye sayen doya. Malam Haladu ya nuna farantin sola da ke rufin motar ya ce, "Batir na shan rana. Kada ka bari inuwa ta taɓa motar nan." Tabarma yake nufi, kada a shanya ta a sama.

La'asar ta yi, inuwar dutse ta fara rarrafowa. Nomau dai ya taɓa tuƙa tarakta. Ya tayar da mota ya matsa. Inuwa ta biyo shi, ya ƙara matsawa. Yana gudu tana bin sa, har ya bar kwarin gaba ɗaya ya haye wani tudu.

Ashe can saman dutse ruwa ake sheƙawa. Da su Malam Haladu suka dawo, babu fili, babu yashi, sai jan ruwa yana juya kututture. Tabawa ta yar da doya ta ɗora hannu a ka.

"Ƙanena! Malam, ƙanena!"

Sai suka ji hon daga sama. Ga mota can ƙolin tudu, a ɗan hasken da ya rage. Suka hau suna haki, suka tarar da Nomau ya riga ya ɗaure ƙunshin kayansa, idonsa ya yi ja.

"Malam, na yi iyakar ƙoƙarina. Tudun ne ya ƙare. Ga shi inuwa ta kama tayar baya."

Malam Haladu ya dubi ruwan, ya dubi motar mutane, ya karɓi ƙunshin ya jefa a kan gado.

"Shiga gaba ka zauna. Gobe sai ka taɓa girgijenka."

"Da wane hannu, Malam?"