Rasuwar 'Yar Lalita, Wadda Ta Tafi da Maraƙata a Cikinta

Da zuciya cike fal da baƙin ciki, da kuma jar maraƙa guda da nake bin Barau ɗan ƙanwata Azumi, mutumin Sara, ni Hajiya Kulu ta Unguwar Ya nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki na ƙasar Birnin Kudu da Gwaram rasuwar kyamarata, wadda kuka sani da 'Yar Lalita. Ta cika ranar Litinin waccan bayan la'asar, a tafin hannuna, tana da shekara goma sha biyu a duniya. Munawwara matar ɗana Hambali ce take rubutawa, ni nake faɗa. Na gargaɗe ta kada ta gyara min magana.

Yau kwananta tara ba a kai ta ba. Na san ba a ajiye gawa. Ku bari ku ji dalili tukuna, in ya so ku yi gulmar daga baya.

A Makka na same ta, shekarar da na sauke farali. Matan da muka je tare duk sun tafi neman haƙorin zinare, ni na tsaya gaban wani shago ina kallon abu kamar sabulun wanka, ana danna shi yana fito da ido. Na ce me take ci? Aka ce caji. Na ce tana mantuwa? Aka ce ba ta yi. Na ce a naɗe min ita.

Ga wanda bai san ni ba: ban yi boko ba, allon ma iyakata abin salla. Dukiyata dabbobi ce, kuma ba a gidana take kwana ba, tana hannun mutane, kiwo. Awaki a Surko, tumaki nan cikin gari, saniya a Sara. Nono da taki na mai kiwo, haihuwa ɗaya tawa, ɗaya tasa. Kafin zuwan marigayiya, duk shekara sai wani ya ce dabba ta mutu ko ta yi ɓari, a yi ta ja har a kai ga dafa Alƙur'ani gaban mai unguwa. Na ga abin da rantsuwa take yi wa mutum. Akwai wadda ta rantse min a kan ɗan tunkiya, ba zan kama sunanta ba, jikokinta suna raye. Ta ci shari'a, amma daga ranar ba ta ƙara iya haɗa ido da kowa a gidan suna ba har ta koma ga Allah. Ɗan tunkiyar bai kai haka ba.

To, marigayiya ce ta raba ni da wannan. Shekara goma sha biyu ba wanda ya dafa Littafi a kan dabbata.

Ba ta da girman kai. A lalitata take kwana, tsakanin goro da carbi. Kafin mai kiwo ya gama cewa Hajiya sannu da zuwa, ta ce zuiii, ta ce ƙyat, ta koma ɗakinta. Ba ta da son kai kuma: mutumin da ke gabanta da kazar da ke can gindin rumbu duk daidai take fito da su, tar. Wannan shi ne babban halinta. In na ce wa mutum tsaya in ɗauke ka, sai ya hau gyara hula. Ni ina ruwana da hularsa? Bayansa nake ɗauka. Turke, igiya, wace ce mai ciki, wace ce take shayarwa. Tani ta Surko ta taɓa ce min ɗa ɗaya akuyata ta haifa. Da aka wanko hoton, ga jela biyu a ƙarƙashin zana. A ɗakinta na nuna mata, daga ni sai ita. Ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce, "Hajiya, wannan abar taki mayya ce." Ta kawo ɗan akuyar da kanta, har yau kwano ɗaya muke ci.

Ban ce ba ta da aibi ba. In rana ta faɗi ba ta gani, kuma ta sha yin barci a tsakiyar aiki. Masu cewa ai waya ma tana ɗaukar hoto, na gode. Wayar gidan nan an taɓa goge min shanu biyu a cikinta don a sami wurin sa waƙa.

Ciwon ya faro ne bara, da kumburin batir. Daga nan ƙofar batirin ta ƙi rufuwa, muka ɗaure da roba, ta ci gaba da aiki ba ƙorafi. Ranar tafiyarta ta ƙarshe, katin da take ajiye hotuna a ciki yana wurin mai wankin hoto a Birnin Kudu, na manta ban karɓo ba. Ba ta ce min komai ba. Ashe tana da ɗan ɗaki a cikinta inda take ɓoye 'yan kaɗan in babu kati.

Muka isa Sara, gidan Barau, wanda saniyata take hannunsa. Haihuwar bana tawa ce. Ya tare ni da cewa, "Inna, ai ta yi ɓari tun farkon damina." Na ce wannan jar maraƙar fa? Ya ce, "Ta maƙwabci ce, shigowa take yi." Na ce to, tsaya in ɗauke ka. Yana tsaye, a bayansa maraƙar ta kafa baki a hantsar saniyata, saniyar kuma tana lasar ta. Saniya ba ta lasar ɗan wata. Marigayiya ta ce ƙyat. Da idona na gani a ɗan gilashin bayanta.

A hanyar dawowa mai acaɓa ya zubar da mu cikin taɓo. Ni na tashi, ita ba ta tashi ba. Da na danna ta a gida, idon ya fito rabi, ya ce kar, kar, kar, ya tsaya. Ido buɗe ta tafi. Na sa babban yatsa in rufe mata, ya ƙi.

Malam Isma'il mai gyara na Birnin Kudu ya juya ta, ya saurara, ya ce, "Hajiya, hoton yana ciki. In na farke ta, wataƙila in tashe ta na minti biyu mu kwashe. Wataƙila kuma in ƙarasa ta. Ki kawo ta ranar Alhamis."

A nan ne na yi ɓarna, kuma ba na ɗora wa kowa. Da zafin faɗuwa da zafin ƙaryar, na aika wa mai unguwar Sara ƙara. Ya sa ranar Juma'ar nan da hantsi. Ya ce in akwai hoto a kawo gaban jama'a, in babu, Barau ya dafa Alƙur'ani. Barau kuwa ya aiko cewa zai dafa. Yaron da na goya da zanina ranar da aka fita da gawar uwarsa. In Isma'il ya fito da hoton, an tona shi gaban garinsu. In bai fito da shi ba, zai rantse a kan abin da ni na san na gani. Ku faɗa min wace hanya ce a nan ta mutanen kirki.

Ana cikin wannan, gawa ba ta gama sanyi ba, Hambali ya shigo min da magajiya, wata sabuwar kyamara. Aro ya yi wurin abokinsa. Baƙa, mai nauyin dutsen guga, da igiya a wuya kamar za a kai ta kasuwa. Ya ce, "Inna, wannan ita ce ta zamani, maras madubi ake ce mata. Ana cire mata ido a sa wani. Ko da magariba tana gani. Ki sayar da sa ɗaya mu saya, ni in riƙa ɗaukar biki, ke kuma in za ki ƙauye sai in ba ki." Na ce wato in sayi abu da sana, in dawo ina aro a hannunka. Ya ce ƙanana irin tawa yanzu sun yi wuya, sai ta hannu, ita ma sai an yi sa'a. Na ce taka dai ba sa'a take nema ba, sa take nema.

Amma ba na yanke wa abu hukunci ban gwada shi ba. Na ce ɗauki abarka ka je Sara, ka tsayar da Barau a bakin turke, ka kawo min in gani.

Ya dawo yana taƙama. Wai rabin unguwa sun fito, wasu har da sake riga. Ka ji aibi na farko, kyamarar da ake hango ta tun daga bakin gari. Ya miƙo min. Ga Barau kamar ya yi magana, kowane gashin gemu a ware. Bayansa kuwa dishi-dishi, kamar an dama fura an watsa. Akwai wani abu ja a gefe, ko maraƙa ce, ko suri ne, ko zani aka shanya, Allah masani. Na ce ina turken? Ya ce, "Inna, ai shi ne kyan, yanzu haka ake so." Da ya ga fuskata sai ya ce ana iya saita ta ta fito da bayan, a murɗa nan, a duba lamba can. Ni da lamba. Marigayiya wuri ɗaya ake danna mata.

Har na ɗaga hannu zan mayar masa. To da yake babu komai a hoton sai fuskar, sai na kalli fuskar.

Ina da hotunan Barau sun fi talatin a gwangwani, ban taɓa kallon fuskarsa a ko ɗaya ba. Yaron ya rame. Bai kai arba'in ba, furfura ta cinye gemun. Wuyan rigar an juya shi an sake ɗinkewa. Idon kuwa na Azumi ne sak, irin kallon da take yi in na je gidanta tana cewa sun ci abinci alhali murhu a sanyaye yake. Na ce Hambali, me ka gani a gidan? Ya ce Hapsatu matar Barau tana kwance tun kafin azumi, gonar ma an jinginar saboda magani. Ya ce, "Ai kowa ya sani, Inna." Kowa, ban da mai kyamara.

Na zazzage gwangwanin a tabarma. Ba zan yi wa marigayiya ƙazafi ba, ta nuna min. A hotuna uku na baya ga rumbun Barau nan tar, jinkar ta zube, bakinsa a buɗe, ba ko dami. Ita ta yi aikinta. Ni ce nake ƙirga ƙafafu in mayar da hoto gwangwani.

Kwana uku ke nan na kasa zama. Na share tsakar gida har ƙasa ta fara rami. In ɗauki mayafi zan tafi wurin Isma'il, in kai zaure, in dawo. Munawwara ta ce ko in sha magani, na ce ke dai rubuta.

Maganar magajiya ga inda na tsaya. Ba za a sayar da sa ba. Na ce Isma'il ya nemo min ƙarama ta hannu, mai shiga lalita, mai faɗin abin da ke bayan mutum, don ba zan daina kiwo ba kuma mutane ba za su daina ɓari ba. Hambali in yana son mai igiya, ya noma ta. Hoton Barau ɗin dai na ce ya wanko min, babba.

Marigayiya ta bar caja ɗaya mai lafiya, da batir biyu, ɗaya yana jinya. Ta bar kati, wanda yake maraya yanzu a wurin mai wanki, da hotuna gwangwani huɗu. Ta bar masu kiwo goma sha tara, waɗanda na san wasunsu ba kuka suke yi ba. Kamar yadda aka saba, duk wanda ta ɗauka aka yi masa alkawarin hoto bai samu ba, ya zo ya faɗa kafin a rufe ta, kada ta tafi da nauyin kowa.

Ga yadda za a yi jana'iza. Malam Isma'il, kada ka jira ni ranar Alhamis, ba za a farke ta ba. Da abin da ke cikinta za ta tafi. Ba wanka, ba salla, ba na wasa da addini. Za a naɗe ta a farin ƙyalle a rufe ta bayan ɗakina, gindin zogale, ranar Juma'ar nan da hantsi. A gaya wa mai unguwar Sara, Allah ya ja zamaninsa, ya yi haƙuri: mai ƙara an yi mata rasuwa, ba a barin gawa a tafi shari'a, kuma ba ta neman a sa wata rana.

Barau ne zai haƙa kabarin. Hambali zai je ya ɗauko shi a mashin da sassafe, ya zo da fartanyarsa. Kada wanda ya ce masa na yafe maraƙar, ban yafe ba. Tana nan a kansa, ya riƙa ba ta dusa. In an rufe marigayiya za a zuba tuwo, kuma ba zai tashi ba sai na ga gindin kwanon.