Saniyar Malam Jaɓɓi a Ƙofar Gidanmu

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na mai da jikata likitar shanu ba, har ƙasa ta rufe mini ido.

Jikar tawa, Hauwa'u, tana karatu a Gusau. Da hutu ta dawo gida Tsafe da littattafai huɗu masu kauri, ta ce malaminsu ne ya zaɓa musu, wai duk mai son ya iya aikin da su zai fara. Ni ban yi boko ba, amma ina da ido. Na duba bangonsu: wannan sa mai ƙaho, wancan tsuntsu, wani ma kifi. Sai na yanke hukunci ni kaɗai (ban tambaye ta ba, tsohuwa ba ta son a ga ba ta sani ba).

Muka je bikin suna a Bilbis, gidan ƙawata Inna Habi. Mata na ta yabon 'ya'yansu. Na gyara zama, na ce, "Tamu likitancin dabbobi take yi. Har kifi tana dubawa."

Bayan kwana biyu, da hantsi, sai ga sallama. Ƙanen Inna Habi ne, Malam Jaɓɓi, ya janyo saniya tana ɗingishi, tun daga ruga, a ƙasa. Maƙwabta suka fito.

"Inna, ina likitar? Kwana ukku ba ta kiwo."

Hauwa'u ta dubi saniya, ta dube ni. "Kaka, wace likita?"

Na ɗauko littafin nan mai sa, na ɗaga shi kamar shaida gaban alƙali. Ta buɗe. Ko kofato babu a ciki, sai ƙananan rubutu jere kamar tururuwa.

"Kaka, wannan na koyon haɗa manhajar waya ne. Hoton san nan ado ne kawai."

Maƙwabciyata Lami, wadda muka je sunan tare, ta ce, "Hajiya, ko kifin za a kawo mata?" Aka kwashe da dariya. Ni ban yi ba. Bakina ya sa bawan Allah ya wahalar da dabbarsa, ga shi babu magani.

Hauwa'u ce ta fid da ni. Ta kira likitan gaske a waya, ya zo kan babur, ya zare ƙusa daga kofaton. Kafin ya iso, ta shimfiɗa wa Malam Jaɓɓi tabarma, tana tambayarsa yadda suke neman likita in saniya ta kwanta. Wai ɗaya cikin littattafan ya hore su kada su haɗa komai sai sun zauna da mai amfani da shi. Yanzu abin da take haɗawa ke nan, manhajar da makiyaya za su riƙa neman likita da ita, mai magana da murya, har da Fulatanci.

Na ɗauki darasi: ban ƙara faɗin abin da ban tambaya ba. Wancan makon a gidan biki na ce musu aikin waya take yi, iyaka. Jiya an kawo mana wayoyi guda uku masu fasasshen gilashi.