Yadda Ake Tseren Kaka da Ciwon Baya

Bi matakan nan, na lamunce maka za ka yi tseren kaka har labarinka ya kai ƙauyenku. An gwada su a kan maƙwabcina Nu'uman, mai sayar da atamfa a Kwari, babu wanda ya ƙi aiki.

1. Fara da ciwon baya

Ba na asibiti ba, na kaka. Duk shekara in dawa ta nuna, Kawu Sammani yakan bugo waya ana neman hannu a gonar gado, sai bayan Nu'uman ya riƙe. "Wallahi Kawu, ko ruku'u da ƙyar nake yi." Kawu ya yi masa sannu, bayan girbi ya aiko masa da buhunan rabonsa. Da hatsin nan Zaituna, matar Nu'uman, ke tuƙa tuwo har wata kakar. Riƙe wannan a ranka.

2. Nemi aboki mai kallon waya

Musiliu, mai shagon taya a Sabon Gari, ya ga Turawa na gudu a daji lokacin zubar ganye, sai ya kafa ƙungiya. Aka sayo ganyen roba ruwan ɗorawa, aka fafe kabewa aka yi mata ido da haƙora. Kabewar da za ta yi taushen gida biyu! Kada ka yi magana, wayewa ce.

3. Yi atisaye

Ɗaura takalmin gudu, ka hau adaidaita sahu daga Kwaciri zuwa Bata. Ƙafa ma tana koyo da kallo.

4. Ba da gudummawa

Nu'uman ya ba da jajayen ƙyallaye daga shagonsa don alamar hanya. Sai daga baya ya ji a gonakin ƙauyensu za a yi tseren. Nan take ya ce shi ya fasa.

"Haba Alhaji, wa zai gane ka?" in ji Musiliu. "Sa tabarau, ja hula. Ta bayan gari za mu wuce."

Ana gobe tsere aka ɗaɗɗaura ƙyallayen a jikin karan dawa. Ɗan birni yana ɗauka dawa don ado take tsaye.

5. Bi jan ƙyalle duk inda ya nufa

Da sassafe masu gona suka yanke dawarsu. Suka ga ƙyalle mai ƙwari a banza, suka ɗaure dami da shi, suka jera a hanyar rumbu. Sauran 'yan tseren sun bi Musiliu sun ɓace. Nu'uman, da tumbi ya bari a baya, ya bi ja daga dami zuwa dami. Da ya hango mutane ya ɗauka masu tafi ne, ya ƙara wuta, har da tsallake kunya biyu. Bai ci birki ba sai a gaban tabarmar Kawu Sammani.

6. Gai da manya

"Wa nake gani kamar Nu'umanu?"

"Kawu... ina kwana."

"Me ya biyo ka?"

"Babu komai, motsa jiki ne."

"Da gajeren wando, a gaban surukanka?"

"Likita ne ya ce..."

"Allah ya yi wa likitan nan albarka, ya warkar mana da baya. Na ga tsallen." Kawu ya nuna hanya da sandarsa. "Tun da ka san inda dammunan suke, koma ka kwaso su. Bana wanda ya ɗauka shi zai ci."

Nu'uman ya tuna tukunyar Zaituna. Ya cire tabarau, ya naɗe rigar tseren ya yi gammo.

7. Karɓi lambarka

Da la'asar Musiliu ya same shi da dami a ka, ƙaiƙayi har cikin safa. Ya rataya masa ganyen roba a wuya, ya ɗauki hoto, ya tura wa ƙungiya. Kawu ya roƙi a tura wa dangi ma.

Gargaɗi

Babu ruwana da abin da zai same ka, kada kowa ya zo ƙofar gidana. Ni dai na san yau bayan Nu'uman na ciwo da gaske, a zaune yake salla. Ya bugo wa Kawu ya faɗa masa.

Kawu ya ce, "Sannu. Jibi za mu yi roron wake. Taho da takalmin."