Doña Chelo Ta Yi wa Kamfanin Wuta Yaji

"Lafiya lau, lafiya ƙalau, sai dai ba kai nake jira ba. Ja motarka ka ƙara gaba, kana tare wa baƙona hanya."

Da haka Doña Chelo ta tarbi jikanta Leandro, tana zaune a baranda tana fifita da murfin kwali. Rana ce ta watan Agusta irin ta kudancin Texas, wadda ko kare ba ya yarda ya fito daga ƙarƙashin mota. Iskar da aka yi da asuba ta karyo reshen bishiyar fikan ɗinta, mai 'ya'ya kamar gyaɗa, ya faɗo kan wayar da ta taso daga falwaya zuwa gidan, ya fizge ta. Duk unguwar da wuta, gidanta kaɗai ne shiru. Ba zafin ne ya dame ta ba. A garejin baya akwai tsohuwar firiza mai sakakken murfi, cike maƙil da tamale, ƙullin masara da naman sa da jan barkono naɗe a bawon masara. Da hannunta ta naɗe su ɗaya bayan ɗaya domin bikin baftismar 'yar Leandro da za a yi gobe, jaririyar da aka sa wa sunanta. Ta riga ta cika baki a gaban surukai cewa ba mai cin abincin kanti a bikin takwararta. Yanzu kuwa duk leƙen da ta yi sai ta ga ruwa yana tsattsafowa ta ƙasan firizar.

Leandro ya diro daga farar motar kamfanin wutar da yake wa aiki, mai kwando a baya, ya cire hular kwano ya dafe ƙirji.

"Haba amarya, haka ake tarbar ango? Biko na zo."

"Bikon wa? Ni na yi yaji, kuma na yi shi ke nan. Kai da kamfaninku na wanke hannuna."

"To ai ga shi tun da kika bar ni har kin rame. Dubi wuyanki, kamar na kazar da aka fige."

"Ka ji mara kunya! Ni da na wanke maka gindi kana tsala ihu? Wa ma ya kira ka? Ni dai ban kira ku ba."

"Mitarki ce ta kai ƙararki. Wuta na ɗaukewa ta aiko mana da saƙo."

Doña Chelo ta juya ta harari mitar da ke manne a bango.

"Munafuka! Kullum ina share mata yanar gizo, ashe 'yar rahoto nake kiwo a gidana."

Asalin rigimar kuwa tun bara ce. Masu sassabe na kamfanin su Leandro suka zo suka yi wa bishiyar aski na gefe ɗaya don kar ta taɓa babban layi, suka bar ta kamar yaron da ya gudu daga hannun wanzami. Bishiyar nan marigayi mijinta ne ya dasa ta. Ranar ta rantse ta gama da su. A Texas kuwa masu sayar da wuta sun fi a ƙirga, kowa da tallarsa a rediyo: wannan ya ce daren Asabar kyauta ne, wancan ya ce zai ba ka tukunyar gasa nama. Ta sauya na farko, ta sauya na biyu, a ƙarshe ta zauna da wani mai suna Iskar Teku, saboda yarinyar da ta kira ta a waya ta tambayi lafiyar gwiwarta.

"Yanzu ina da sabon maigida," ta ce tana gyara zama. "Mai ladabi. Wutarsa ma ba irin taku ba ce, ta iska ce, daga manyan fankokin nan na bakin teku. Ta fi sanyi, ko ƙwan fitila ba ya zafi."

Leandro ya riƙe ciki, har da zama a kan matakala.

"Wutar iska kika saya? Ai kuwa ga shi ta nuna miki halin 'yan iska, ta gudu ta bar ki da kwali a hannu!"

"Allah ya shirye ka. Yanzu za ka ga motarsu ta shawo kwana."

"Wace mota? Kaka, mutanen nan ko tsani ba su da shi. Tebur gare su da wayar tarho da zaƙin baki. Su sari wuta a kasuwa, su sayar miki, su aiko miki da takarda. Falwayar nan tamu ce, wayar tamu ce, mitar tamu ce. Ko daga duniyar wata kika sayo wutarki, ta wayata za ta biyo ta shigo ɗakinki."

"Ƙarya kake, ɗan nema. Kishi ne ke cin ka."

"Ni da kishin mutumin da ban taɓa ganin ƙeyarsa ba? Ke kin taɓa ganinsa?"

"Na ji muryarsa, ta fi taka daɗi. Taka kamar an taka jelar jaki."

"To a ina kika ga ana cin murya? Ba ni hanya in ɗaga reshen nan in haɗa miki waya. Kafin ki gama zagina na gama."

"Ƙafarka ta taka ciyawata sai na kira 'yan sanda. Kun yi wa bishiyar kakanka rabin aski, yau ka zo ƙarasawa ke nan?"

Bakinta ne ke faɗa, amma kunnenta yana gareji. Ta miƙe wai za ta sha ruwa, ta zagaya ta baya, ta ɗaga murfin firizar kaɗan ta cusa yatsa. Na saman sun fara laushi. Ta ji kamar ta ɗora hannu a ka. Ta hango fuskar surukan gobe, da irin murmushin da za su yi in aka shigo da kwalayen soyayyar kaza daga kanti. Ta rufe da sauri, ta dawo tana taku ɗai-ɗai kamar ba abin da ya faru.

"Lafiya dai, amarya? Na ga goshinki yana ƙyalli."

"Ƙuruciya ce, ba ka san ta ba. Tsaya ka ga yadda ake kiran mutanen kirki."

Ta zaro waya daga aljihun riga, ta danna, ta ƙara murya yadda zai ji ya ƙoshi. Aka sa mata kiɗa. Ta riƙa gyaɗa kai tana kallonsa.

"Ka ji? Har kiɗa suke min. Kai me ka taɓa kaɗa min ban da ƙofa?"

Can wata budurwa ta ɗauka, ta gaishe ta da suna. Doña Chelo ta kumbura don daɗi, ta zayyana mata komai, tun daga iskar asuba har zuwa takwara, ta ƙare da cewa a turo mota maza-maza, domin ga wani ɗan kamfanin da ta bari ya zo yana mata shisshigi.

"Ayya, sannu Doña," in ji budurwar. "Sai dai mu wuta kawai muke sayarwa, ba ma gyaran layi. Wannan aikin kamfanin da ke da falwayar yankinku ne. Bari in ba ki lambarsu."

Ta fara karantowa. Doña Chelo tana maimaitawa da ƙarfi don kar ta manta. Leandro ya taka zuwa motarsa, ya tsaya a gefen ƙofa kamar mai tallar atamfa, yana bin manyan lambobin da aka rubuta a jikinta da yatsa. Duk wadda ta fito daga bakin tsohuwar, yatsansa na kanta. Kafin a kai ta ƙarshe muryarta ta shige ciki.

"'Yata, tsaya," ta ce. "In kuma na bar ku na koma wani kamfanin fa?"

"Su ne dai za su zo, Doña. Duk wanda kika zaɓa."

"To ke meye aikinki a duniya?"

"Akwai sabon tsarinmu na rangwame, in kina so in..."

Ta katse wayar. Leandro ya riga ya kwanta a kan bonet yana shure-shure.

"Wayyo cikina! Kira lambar mana, Kaka! Kira, in ɗauka in ce wa ke magana!"

"Rufe min baki, mai kunnuwa kamar faranti. Wato duk yajin nan da nake yi..."

"A tsakar gidana kike yinsa! Kin fita ta ƙofar gaba da akwatinki, kin zagayo kin shigo ta baya, har sau nawa, ina zaune ina kallonki."

Ta so ta daure, amma dariyar ta fi ƙarfinta. Ta fashe har da hawaye, tana dukan cinya da kwalin.

"Kai, an cuce ni! Har katin Kirsimeti na aika musu!"

"Ni kuwa ko safa ban samu ba."

"Za ka samu duka. Tashi ka hau, ja'iri, tamalen 'yarka na narkewa kana nan kana birgima! Amma ka ji da kyau: wanda ya karye kaɗai za ka taɓa. Ka ƙara ko ganye ɗaya, gobe a coci a gaban Fada zan faɗi shekarun da ka kai kana fitsarin kwance."

"A'a, ba za a kai ga haka ba, ranki ya daɗe."

Ya sa safar hannu ta roba, ya shiga kwandon, motar ta ɗaga shi sama. Tana ƙasa ta kare ido da kwali tana ba da umarni, ita da ko ƙwan fitila ba ta taɓa sauyawa ba.

"Hagu! Ba nan ba, makaho! Riƙe da kyau, in ka faɗo kan furannina sai ka biya!"

A ranta kuwa addu'a take, kamar kullum in ta ga yaron nan kusa da waya. Ya yanke karyayyen reshen, ya sauke shi a hankali, ya ja wayar ya ɗaure. Jim kaɗan fankar baranda ta motsa, rediyon kicin ya kama waƙa shi kaɗai, daga gareji kuma tsohuwar firizar ta yi tari ta kama gurnani. Doña Chelo ta cillar da kwalin ta ruga da gudun da ba a san tana da shi ba.

Ta tona har ƙasa. Na ciki duk suna nan da ƙarfinsu kamar dutse, jeri na sama kaɗai ne ya saki. Ta sauke ajiyar zuciya, ta kwashe waɗanda suka yi laushi ta jera a tukunyar turara. Ko da Leandro ya gama naɗe kayansa, ƙamshin barkono ya cika barandar. Ta dire masa faranti a gaba.

"Ungo. Waɗanda kamfaninku ya lalata ne, sai ka cinye asararku."

"Kamfaninmu ko bishiyarki?"

"Ci ka yi shiru."

Ya ɓare ɗaya, ya kai baki, ya lumshe ido.

"Kaka, a ajiye wa sabon maigidan naki nasa, ko?"

Ta janyo kujera ta zauna kusa da shi, ta ƙara tura masa farantin.

"Shi ai murya ce da shi, ba ciki. In ya ji yunwa, sai in kira shi in sa masa kiɗa."